Watalu a Kan Tebur: Mutum Dubu Arba'in da Aka Kwashe

Mu Hausawan Kamaru makaranta iri biyu ta raine mu. Waɗanda muka yi karatu da Faransanci a Garwa ko Ngaundere mun san Watalu a matsayin ranar da tauraron Napoliyon ya faɗi. 'Yan'uwanmu na Bamenda da Kumba kuwa, da suka yi da Ingilishi, sun san ta a matsayin ranar Welinton. Kowane ɓangare da gwarzonsa, amma akwai mutum na uku da ba safai ɗayanmu yake tuna sunansa ba, wato tsoho Blücher na Furushiya, wata masarautar Jamusawa. Yadda sunansa ya dusashe labari ne da ya ratsa ta kan wani tebur a Landan.

A Turai da Amurka akwai mutanen da abin shaƙatawarsu shi ne sake buga yaƙe-yaƙen da suka wuce a kan tebur. Sai a shimfiɗa koren ƙyalle, a yi tudu da kwari da gidajen gona, a jera ƙananan sojoji na dalma ko na roba, wasu tsayinsu milimita 28, wasu 15, wasu 6 kacal, kowanne an shafa masa fenti daidai da kayan rundunarsa. Ana auna tafiyar doki da nisan harsashi da tef irin na tela, ana jefa ɗan ludo don a san ko harbi ya samu ko ya kuskure. Kada jin ɗan ludo ya sa a ɗauka caca ce. Ba a zuba kuɗi, ya fi kusa da dara. Asalinsa ma ba wasa ba ne. A 1824 wani hafsan Furushiya, Reisswitz ƙarami, ya gyara abin da mahaifinsa ya fara, ya nuna wa shugaban hafsoshin ƙasar, Janar Müffling, shi kuwa ya ce a rarraba wa rundunoni domin horo ne na yaƙi. Wannan Müffling ɗin shi ne wakilin Blücher da ya yini a gefen Welinton ranar Watalu. Daga baya marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da dokokin wasan ga farar hula a 1913.

Cikin zamunan da masu wannan wasa suka fi ƙauna akwai na doki da bindigar toka, kuma Watalu ce sarauniyar fagen. Dalili a fili yake: makaman zamanin sun tilasta wa soja tsayawa sahu-sahu, abin da ke da kyan jerawa. Bindigar lokacin dangin harba-ruga ce ta maharbanmu. Ana ɗura albarushi da harsashi ta baki, a danna da sanda, ƙanƙara ta ba da wuta. Gwani yakan yi harbi biyu zuwa uku a minti ɗaya, kuma in abokin gaba ya wuce mita ɗari sai dai sa'a. Saboda haka dakaru sukan jeru kafaɗa da kafaɗa su saki wuta gaba ɗaya. In barade suka taso musu, sai su dunƙule su yi murabba'i mai fuska huɗu, sahun gaba a durƙushe, wuƙaƙen bakin bindiga a tsaye kamar ƙaya. Doki ba ya yarda ya faɗa wa wannan shinge, duk wanda ya taɓa riƙe linzami ya san haka. Amma murabba'in da ya gagari doki shi ne abincin igwa, domin mutane sun cunkushe wuri guda. Igwa tana tsoron barade, barade suna tsoron murabba'i, murabba'i yana tsoron igwa. Duk dabarar shugaban yaƙi tana cikin haɗa ukun a lokaci ɗaya.

Ranar Lahadi 18 ga Yuni 1815, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, Napoliyon yana da mutum kimanin 73,000, Welinton yana da kimanin 68,000. A cikin na Welinton, 'yan Birtaniya ba su fi kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya ba. Sauran Jamusawa ne da 'yan Holan da Beljiyam. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi taɓo, ba a fara ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Da la'asar Mashal Ney ya yi ta aika dubban barade kan murabba'an Welinton ba tare da isassun dakaru a bayansu ba, suna zuwa suna komawa, ba su fasa su ba. A daidai wannan lokaci Furushiyawa, waɗanda Napoliyon ya ɗauka ya gama da su a Ligny kwana biyu kafin nan, suka fara ɓullowa daga gabas. Kafin rana ta faɗi sun kai kimanin 50,000.

A nan ne tebur yake da wata gaskiya da littafi ba shi da ita. Marubuci yana iya cewa "daga baya Furushiyawa suka iso" ya wuce abinsa. Mai jera sojoji ba shi da wannan mafita: dole ya ɗauki kowace runduna da hannunsa ya ajiye ta wani wuri. Da zarar ya ajiye Furushiyawa a ƙauyen Plancenoit, bayan hannun daman Faransawa, sai ya ga dole ya kwashe rundunar Janar Lobau da matasan dogaran Napoliyon, har da bataliya biyu na tsofaffin dogarai, ya juya su gabas. Waɗannan su ne mutanen da Ney ya roƙa bayan gidan gonar La Haye Sainte ya faɗi wajen ƙarfe shida, lokacin da tsakiyar Welinton ta yi laushi, aka ce masa babu. Shi ya sa a wasannin Watalu lokacin isowar Blücher yake zama abin gardama tun kafin a jefa ɗan ludo na farko.

Wanda ya fara cin karo da wannan matsala shi ne Kyaftin William Siborne. A 1830 rundunar Birtaniya ta ba shi aikin gina fagen Watalu a ƙanƙance. Ya yi wata takwas a La Haye Sainte yana auna ƙasa. Ya rubuta wa hafsoshin da suka tsira yana tambayar kowa inda ya tsaya da abin da ya gani wajen ƙarfe bakwai na yamma, ya sami amsa kusan 700. Gwamnati ta canza, kuɗi suka tsaya, ya ci gaba da bashi. A 1838 aka buɗe aikin a Landan da ƙananan sojoji fiye da 70,000, jama'a suna biyan sule guda su shiga kallo.

Welinton bai ji daɗinsa ba. Hujjarsa, wadda ya daɗe yana faɗa, ita ce tarihin yaƙi kamar tarihin taron rawa ne: kowa yana tuna abin da ya faru kusa da shi, amma ba wanda zai iya jera su bisa lokacinsu. Magana ce mai nauyi, kuma ba mu ga laifinta ba. Sai dai abin da ya fi tsole ido a teburin Siborne shi ne yawan Furushiyawa da kusancinsu a daidai sa'ar da dogaran Napoliyon suka kai harinsu na ƙarshe. Bayan shekaru na bashi da neman tallafin manya, Siborne ya kwashe sojojin dalma masu wakiltar Furushiyawa kimanin 40,000 daga teburin. Masana suna saɓani har yau: wasu sun ce matsin lamba ne daga sama, wasu sun ce Siborne ya yi kuskuren sa su gaba da inda suka kai a wannan sa'ar. Mu dai a ganinmu, in kuskuren wuri ne, matsar da su baya ya isa gyara. Kuɗin da ya sa rai bai zo ba, ya rasu a 1849. Teburin yana nan a gidan tarihin sojan Birtaniya da ke Landan.

Mun yi ta tunanin abin da zai faru in wani matashinmu ya ce zai jera Tabkin Kwatto, yaƙin Yunin 1804 tsakanin jama'ar Shehu Usmanu da Sarkin Gobir Yunfa, shekara goma sha ɗaya kafin Watalu. Kayan wasan suna da ban sha'awa: 'yan lifida na Gobir, Buzaye a kan raƙuma, da 'yan baka a ƙasa waɗanda suka yi wa doki abin da murabba'i ya yi masa a Turai. Zai sami labarin a wurin Muhammadu Bello da Abdullahi ɗan Fodiyo, waɗanda suka halarta kuma suka rubuta, har da cewa dawakin jama'a ba su wuce ashirin ba. Amma sa'ad da ya zo jera ɓangaren Gobir, wa zai tambaya? Siborne yana da wasiƙu 700, kusan dukkansu daga ɓangare ɗaya, aka kuma yi rigima. Namu matashin zai tsaya da rundunar Yunfa a tafin hannunsa, sai ya nufi Tsibiri da Sabon Birni ya zauna gaban makaɗan fada da dattawa, ya ji abin da ya rage a bakinsu, kafin ya san inda zai ajiye ta.