Alkama da hitta: tarihin kalma ɗaya a Littafi Mai Tsarki na Hausa

A majami'un Sabon Tasha, Narayi da Kakuri, can kudancin Kogin Kaduna, Bajju da Atyap da Gbagyi kan haɗu su yi sujada da Hausa. Idan aka karanta Tsohon Alkawari, kalmar "alkama" takan wuce ba wanda ya tsaya a kanta. Amma tana da tarihi mai tsawo.

Kalmar da ke cikin nassin Ibrananci ita ce hitta, jam'inta hittim. Asalinta akwai harafin "n" a tsakiya, wanda ya narke cikin "t" na gabansa. Shaidar haka tana cikin littafin Ezra, a sassan da aka rubuta da Aramiyanci, inda ta fito a matsayin hintin. Larabci ma ya riƙe ta: hinɗa.

Sai dai ba wannan Bahaushe ya ara ba. Ya ɗauki ɗaya sunan da Larabawa ke kiran wannan hatsi da shi, al-ƙamh, wanda ya biyo hanyoyin fataken Sahara ya zama alkama a bakinsa. Ita kuwa ƙamh tana da 'yar'uwa a Ibrananci, ƙemah, ma'anarta gari. Ke nan, sa'ad da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya ba shekaru masu yawa, an fassara hitta da kalmar da danginta a Ibrananci ke nufin garin da aka niƙa.

Wannan bai ɓata fassarar ba ko kaɗan. Hasali ma mai karatu da Hausa ya fi mai karatu da Turanci sa'a. Fassarar King James ta 1611 ta yi amfani da "corn" wajen hatsi kowane iri, kamar yadda Turawan Ingila na wancan zamani suke yi. Ɗan Najeriya kuwa da ya ji kalmar, masara yake gani. Sai ya zana wa kansa Yusufu yana tara masara a rumbunan Fir'auna, alhali masara daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta ƙetaro teku ba sai bayan 1492.

Darajar kalmar ma ta zo daidai. A Isra'ila ta dā alkama ce abincin mai hali, sha'ir na talaka. Littafin Sarakuna na Biyu ya nuna kuɗin da zai sayi mudu ɗaya na lallausan gari zai sayi biyu na sha'ir. Haka take a ƙasar Hausa: ana noma ta da rani a fadama, a yi alkaki da finkaso domin biki da manyan baƙi, gero da dawa kuwa na kullum.

Inda gizo ke saƙa shi ne gona. Yawancin masu sauraro a kudancin Kaduna sun taso da acca, dawa da masara. Alkama a wurinsu buhun fulawa ce da burodi. Don haka idan aka kai ga Gidiyon yana sussukar alkama a ɓoye saboda tsoron Madayanawa, sai mai wa'azi ya ari hoton masussukar dawa kafin jama'a su ga abin da ake faɗa.