Cibiyar Malamai ta Ƙasa, Kaduna: Kwalejin da Take Bin Malami Har Ƙauyensu

Duk wanda ya baro Kaduna ya ɗauki hanyar Zariya, kafin ya wuce Rigacikun zai ga harabar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NTI. Matafiya da yawa suna wuce ta ba su san cewa malaman firamaren da suka koya musu karatu, ko suke koya wa 'ya'yansu yau, da dama ta hannunta suka sami takardar shaidar koyarwa ba.

Matsi ne ya haife ta. A shekarar 1974 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi shelar cewa za a ba kowane yaro ilimin firamare kyauta, kuma a watan Satumba na 1976, zamanin Janar Olusegun Obasanjo, shirin, wanda aka sani da UPE, ya kankama. An yi hasashen yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun hallara. Aji ana iya kafa shi da rumfa ko a gindin bishiya, amma malami ba ya samuwa dare ɗaya. Dole ta sa aka ɗebo waɗanda suka gama firamare ko suka ɗan taɓa sakandare, aka yi musu gajeren horo, aka miƙa musu alli. A Arewa abin ya fi tsanani, domin tun asali makarantun boko da kwalejojin horon malamai ba su kai na Kudu yawa ba, duk da cewa yankin yana alfahari da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye malamai irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello.

Daga nan sai babbar tambaya ta taso: yaya za a yi da dubban malaman da ba su ƙware ba, alhali suna riƙe da azuzuwa? In aka kwashe su zuwa kwaleji, makarantu za su zama kufai. In aka bar su haka, yara ne za su kwana a ciki. Amsar da aka samo ita ce a kai musu karatun inda suke. A kan wannan aka kafa cibiyar a 1976, sannan Doka ta 7 ta 1978 ta ba ta cikakken matsayi, ta ɗora mata nauyin horar da malamai, da ɗaga darajar takardunsu, da ba su shaida ta hanyar karatu daga nesa. Alhaji Hafizu Wali shi ne shugabanta na farko.

Tsarin aikin ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan hikimar take. Masana suna rubuta darussa dalla-dalla a ƙananan littattafai, da lafazin da mutum zai iya bi shi kaɗai ba malami a gabansa, kowane babi da tambayoyin gwada kai a ƙarshensa. Ana buga su, a rarraba su jihohi. Malami yana koyar da ajinsa daga Litinin zuwa Juma'a, da dare ya buɗe littafinsa, ranar Asabar kuma ko lokacin dogon hutu ya tafi cibiyar karatu mafi kusa da shi, galibi wata sakandare ko kwaleji da aka ara, ya haɗu da mai koyarwa da 'yan'uwansa malamai. Albashinsa bai tsaya ba, gonarsa ba ta zama saura ba, iyalinsa suna tare da shi. Ga malama matar aure mai goyo, wadda tafiya kwaleji ta shekaru ba za ta taɓa yiwuwa gare ta ba, wannan ce kaɗai ƙofar da ta rage a buɗe. A ganina ko da wannan kaɗai cibiyar ta yi, ta biya kuɗin kafa ta.

Da takardar malanta ta Gired Tu aka fara, kuma cibiyar ce ta daɗe tana shirya jarrabawarta a faɗin ƙasa. Da manufar ilimi ta ƙasa ta tsayar da takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, sai a 1990 aka buɗe karatun NCE daga nesa, na shekara 4. Bayan an ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999 ƙarancin malamai ya sake kunno kai, aka kuma ɗora wa cibiyar shirin horon gaggawa na PTTP. Daga baya aka ƙara difloma ta koyarwa ga masu digirin da ba su karanci aikin malanta ba, sannan digiri na ilimi tare da haɗin gwiwar jami'o'i.

Daga 2006 aikin ya ɗauki wani salo, wato bita ga malaman da tuni suke da takarda. Da kuɗin shirin muradun ƙarni aka riƙa tara malaman firamare daga kowace jiha a sabunta musu dabarun koyar da Turanci, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa. A shekarar ce kuma aka fara shirin SMASE na inganta koyar da lissafi da kimiyya, da tallafin hukumar JICA ta Japan, aka gwada shi a jihohin Kaduna, Neja da Filato. Abin da yake koya wa malami shi ne ya rage tsayuwa gaban allo yana zuba bayani, ya bar yara su taɓa, su gwada, su ƙirga da hannunsu, ko da da marafan kwalba da tsinken tsintsiya ne.

Sai dai gaskiya ɗaya ce. Akwai malaman da suka shiga karatun don neman ƙarin girma kawai, aka sami takarda, koyarwa ba ta sauya ba. Akwai lokutan da littattafai suka makara, akwai bitar da aka fi tuna ta da kuɗin alawus fiye da abin da aka koya. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna, jihar da cibiyar take zaune a cikinta, ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar gwaji, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙalubalanci yadda aka gudanar da gwajin har ta kai ga yajin aiki. Ba adalci ba ne a jibga wa cibiyar wannan laifi, domin ba ita take ɗaukar malamai aiki ba, ba ita take biyan su ba, ba ita take tura sufeto ya zauna a bayan aji ya ga yadda darasi yake tafiya ba. Waɗannan suna hannun hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi da na ƙananan hukumomi. Malamin da ya dawo daga bitar mako guda ya tarar da yara sama da 100 a ƙasa, ba littafi, ba mai tambayarsa me ya koyo, cikin wata guda zai koma gidan jiya.

Yau cibiyar tana da ofisoshi a jihohi 36 da Abuja, da cibiyoyin karatu a ƙananan hukumomi masu yawa, kuma rajista da duba sakamako sun koma intanet. Malaman da suka fi buƙatarta har yanzu su ne na ƙauyukan da layin waya ba ya kai wa sosai, kuma su littafin da aka buga a takarda suke jira.