Bankin Arewa, Gadon da Sardauna Ya Bar wa Kano

A ƙasan adakar marigayi mahaifina, a gidanmu na Goron Dutse, na tsinci wani ɗan littafin ajiya da gefensa ya ci. Lissafin shafukan farko da fam da sule aka yi shi, daga 1973 ya koma naira. A bangonsa an rubuta Bank of the North, amma ban taɓa jin Baba ya kira shi da wannan suna ba. Bankin Arewa yake cewa, ko kuma bankinmu.

Ba banki ne ya koya wa Kanawa juya dukiya ba. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso a 1911, fataken Kurmi na ba da amana daga nan har Gwanja. Sanannen labari ne cewa a 1929 Alhaji Alhassan Dantata ya kai wa bankin Turawa ajiyar azurfa lodin raƙumi 20. Sai dai bankunan Turawa sun fi son karɓar ajiyar ɗan ƙasa a kan ba shi rance. Kamfanoninsu masu sayen gyaɗa da fata su ne 'yan lele.

Wannan ne ya tsaya wa Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardauna, a rai. Yamma na da National Bank tun 1933, Gabas na da African Continental Bank na Azikiwe, Arewa kuwa, mai dalar gyaɗa da auduga, hannunta rabbana. A 1959, shekarar da jihar ta sami mulkin kai, aka yi wa Bankin Arewa rajista, ya buɗe ƙofa a 1960. Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da bankin Intra na Lebanon, domin a lokacin ƙwararrunmu a wannan fage ba su cika cikin cokali ba. Abin da ya fi burge ni shi ne zaɓen mazauni. Gwamnati na Kaduna, amma aka ajiye hedikwata a Kano, inda ciniki yake. Wanda ya yanke wannan shawara ya san kasuwa.

1966 ta zo da duka biyu: aka kashe Sardauna a Janairu, Intra ya durƙushe a Beirut a Oktoba. Bankin Arewa bai faɗi ba. Da aka raba jihar gida shida a 1967, sababbin jihohin suka gaje shi, kuma daga nan ya shiga ganiyarsa. Rassa suka bazu a manyan garuruwan Arewa, albashin malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati ya bi ta hannunsa. Dattijon da bai iya boko ba zai shiga ya yi bayani da Hausa, akawu ya cike masa takarda, manaja ya san shi, ya san rumfarsa a Kantin Kwari. Yaran da suka fara da ƙirga kuɗi a kanta suka zama manajoji, wasu bankuna suka yi ta wawarsu. Dogon ginin nan na titin Zariya, Gidan Ahmadu Bello, shaida ne na wancan zamani.

Daga baya iska ta juya. Darajar naira ta zube bayan 1986, basussukan da ba a biya ba suka yi nauyi, abu mai iyaye da yawa kuma kowa kan zaci ɗan'uwansa na kula da shi. Da Babban Banki ya ɗaga jari zuwa naira biliyan 25 a 2004, bankuna 89 suka koma 25. Bankin Arewa ya shiga haɗakar bankuna tara da ta haifi Unity Bank a Janairun 2006, hedikwata ta bar Kano.

Buƙatar da ta haife shi kuwa tana nan daram. Majemi a cikin birni, mai casar shinkafa a Kura, dillalin hatsi a Dawanau, duk suna neman wanda zai dubi sana'arsu da idon sani kafin ya tambayi takardar jingina. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2024, naira biliyan 50 ake nema don lasisin bankin yanki. Jihohin Arewa 19 ne, ga attajiran Kano.