Hatsarin mota ya tarar da tsohon ciwo: shin akwai diyya?

Akwai maganar da ake yawan faɗa wa wanda mota ta buge, idan ya je neman haƙƙinsa: "Ai kai dama ba ka da lafiya." Da yawa daga nan suke naɗe takardunsu su koma gida. To, tsohon ciwo ba ya soke diyya. Abin da yake canzawa shi ne lissafinta.

A Nijar, dokar da ake aiki da ita kan asurans, wato inshora, ita ce ta CIMA, wadda ta fito daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, aka fara aiki da ita a 1995. Ƙasashe 14 ke ƙarƙashinta, har da Benin, Burkina Faso, Mali, Cadi da Kamaru. Ta wajabta wa mai abin hawa mai inji ya yi asurans saboda ɓarnar da zai iya yi wa wasu. Fasinja da mai tafiya a ƙasa ana biyansu ko da akwai nasu sakaci, sai in da gangan suka nemi abin. Direba kuwa, laifinsa na iya rage masa diyya ko ya hana shi ɗungum.

Wanda ke auna rauni shi ne likitan bincike, kuma sai ciwon ya tsaya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sannan yake yanke naƙasar da ta saura da kashi cikin ɗari. Tambayarsa ɗaya ce: yaya mutumin nan yake jajibirin hatsari, yaya yake yau?

A nan abu ya kasu biyu. Akwai ciwon da dama ya bayyana. A misali, wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa tun yana yaro, a ce naƙasarsa kashi 10 ce, bayan hatsari ta koma 25. Za a yi masa lissafi ne kan 15 da suka ƙaru. Wannan, a ganinmu, ba zalunci ba ne. Akwai kuma ciwon da ke kwance bai hana komai ba. Manomi ɗan shekara 50 yana noman gonarsa, yana kai kaya kasuwa, sai bayan hatsari aka ɗauki hoton ƙashi (wanda a asibiti ake ce wa "radiyo", ba irin tamu ba), aka ga ƙashin bayansa dama ya fara cinyewa. Kotunan Faransa, inda dokokinmu da dama suka samo asali, sun daɗe a kan cewa in hatsari ne ya tayar da ciwon da ke barci, ba a rage wa mutum diyya saboda shi. Lauya na iya kafa hujja da wannan. Haka mai ciwon suga da rauninsa ya ƙi warkewa, ko mai sikila, wato emasi, da karaya ta daɗe masa: tsawon jinyar daga hatsarin ya taso.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne takarda. Mun san al'adarmu: an karye a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ana kwasar mutum sai gidan maɗori. Ba mu raina ɗori ba, amma maɗori ba ya ba da takardar likita, kuma in ba takardar ranar farko, wa zai shaida wa kamfani cewa wannan karayar sabuwa ce? A fara da asibiti, a karɓi takardar da ta lissafa raunuka ɗaya bayan ɗaya. A tabbatar jandarmomi ko ƴan sanda sun yi konsta. A adana takardun magani da rasit, har da tsofaffin hotuna da karnen asibiti, domin su ne ke nuna cewa kafin hatsari kana kan ƙafafunka.

Kuma don Allah kar a ɓoye tsohon ciwo. Tsohuwar karaya tana fitowa a hoto, likita na gane ta. In ya kama ka da ƙarya ɗaya, sauran maganarka ma ta shiga shakka. Gara ka ce: e, ina da hawan jini, amma ga aikin da nake yi da, ga wanda na kasa yanzu.

Doka ta ce kamfani ya sanar da kai aƙalla kwana 15 kafin binciken likita, kuma kana iya zuwa da naka likitan, amma kai za ka biya shi. Rahoton ma dole a ba ka kofi. In ba ka yarda da sakamakon ba, ana iya neman likita na uku. Wanda ya riga ya sa hannu kan yarjejeniyar biya, sai ya gano an saɓa wa doka, yana da kwana 15 ya warware ta a rubuce. Wa'adin kai ƙara kuwa shekara 5 ne daga ranar hatsarin.