Yadda Aka Riƙa Auna Takardun Haƙƙin Ƙirƙira, da Labarin Niprisan

A 1970 Najeriya ta kafa dokar da ke ba mai ƙirƙira takardar haƙƙin mallaka ta shekara 20. Sai dai magatakarda tsarin takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Saboda haka takardar ita kaɗai ba ta nuna darajar abin da ke cikinta.

Ko a ƙasashen da ake bincike, masana sun daɗe suna neman ma'auni. A 1986 Mark Schankerman da Ariel Pakes suka bi kuɗin sabuntawa a Ingila da Faransa da Jamus, suka ga yawancin masu takardu kan daina biya tun wa'adi bai cika ba. Wadda aka ci gaba da biya mata, ita ce mai tsoka. A 1990 Manuel Trajtenberg ya ƙirga sau nawa sababbin takardu suka ambaci tsohuwa, a fannin na'urorin hoton cikin jiki. Wasu kuma suka koma ƙirga ƙasashen da aka yi wa abu rajista.

Mu a nan, Niprisan ne ya gwada waɗannan ma'aunai. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta haɗa maganin sikila daga ilmin wani mai maganin gargajiya, Paul Ogunyale. Uku daga tsirrai huɗu da ke cikinsa kowa ya san su a kasuwar Talata Mafara: kanumfari da masoro na faifan mai kayan yaji, da karan dafi, jan kuben dawar nan da dukawa ke rina fata da shi. Amurka ta ba shi takarda a 1998. A 2002 aka ba kamfanin Xechem lasisi, a 2006 aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan.

A idon masu ƙirga, wannan babbar takarda ce. Amma a 2008 kamfanin ya karye, maganin ya ɓace daga kantuna. A ganina nan ma'aunan suka gaza, domin babu wanda ya ƙirga daren da uwa a Bakura ko Maradun ta kwana tana gasa wa ɗanta ƙafa da ruwan ɗumi. Sai a 2018 NIPRD ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker don a ci gaba da sarrafa shi.