Daga Zariya Zuwa Kasuwar Kano: Wa Ke Buga Mana Littafi?

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga cewa marubutanmu na farko ba su san wahalar neman maɗaba'a ba. Hukuma ce ta neme su. A 1933 Rupert East ya shirya gasa a ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Daga nan sai kamfanin Gaskiya a 1945, sai NORLA, sai NNPC a 1966. Su ke tace rubutu, su buga, su kai makarantu. Amma ƙofar ƙarama ce, mutum kaɗan ke shiga.

Da tattalin arziki ya taɓarɓare bayan 1986, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka fi karkata ga littattafan makaranta. Sai matasa, maza da mata, suka ɗauki rubutunsu zuwa ƙananan maɗaba'un Kano, suka biya da kuɗin aljihunsu. Ta wannan hanya In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shiga gidaje. Masu suka suka laƙaba wa wannan yunƙuri suna Adabin Kasuwar Kano, amma shi ya raya karatun Hausa.

Sai dai 'yancin ya zo da hasara: mun rasa mai tacewa. Yau da waya ta zama maɗaba'a, giɓin ya ƙara faɗi. Aikin ƙungiyarmu ne mu cike shi, mu riƙa duba rubutun juna kafin ya fita kasuwa.