Yadda Ɗaliban Jami'ar Yale Suka Karya Farashin Maganin Ƙanjamau a 2001

Yau tarihin wani magani na kawo muku, sunansa d4T, wasu kuma sun fi saninsa da stavudine. Na zaɓe shi ne saboda tambaya ɗaya: idan malamin jami'a ya gano magani da kuɗin jama'a, wa ke da ikon cewa ga nawa za a sayar da shi, ga kuma wanda zai iya sha?

Bari mu fara da takardar mallakar ƙirƙira, wadda Turawa ke kira fatent. Takarda ce da gwamnati ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu, ta ce babu mai yin irinsa ko sayar da shi sai da izininsa, yawanci har shekara 20. Hujjar ita ce mutum ya mayar da kuɗin da ya kashe, ya kuma ci riba. To amma fa duk tsawon wannan lokacin ba shi da abokin gasa, farashi sai yadda ya ga dama.

A Amurka, kafin 1980, duk abin da aka gano da kuɗin gwamnatin tarayya yawanci gwamnatin ce ke riƙe takardarsa. Ta tara takardu kusan 28,000, amma waɗanda kamfanoni suka karɓa suka yi aiki da su ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Sai sanatoci biyu, Birch Bayh da Bob Dole, suka kawo dokar da ta ba jami'o'i damar mallakar abin da malamansu suka gano, su kuma ba kamfanoni lasisi. Shugaba Jimmy Carter ya sa mata hannu a Disambar 1980. Daga nan jami'o'i suka fara buɗe ofisoshin cinikin bincike.

Shi d4T tun a shekarun 1960 wani masanin sinadarai mai suna Jerome Horwitz ya haɗa shi, yana neman maganin ciwon daji. Bai yi wannan aikin ba, aka ajiye shi. Bayan shekara kusan 20, ƙanjamau ta bayyana tana kashe mutane babu magani. A Jami'ar Yale, Farfesa William Prusoff da abokin aikinsa Tai-Shun Lin suka gano cewa d4T na hana ƙwayar HIV hayayyafa. Yadda yake aiki kuwa, ƙwayar cutar na buƙatar wasu ƙananan tubala don ta kwafi kanta a cikin jiki. Shi d4T kama yake da tubalin gaske, tana ɗaukarsa ta saka, sai ginin ya tsaya cak.

Yale ta nemi takardar mallaka a 1986. A 1988 ta ba kamfanin Bristol-Myers, wanda daga baya ya zama Bristol-Myers Squibb, lasisin da ya ce shi kaɗai zai yi maganin. Ku riƙe wannan wurin, don nan ne gizo ke saƙar. A 1994 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, aka sa masa suna Zerit. Zuwa shekarar 2000, Yale na samun kusan dala miliyan 40 a shekara daga wannan magani ɗaya.

Yanzu mu gangara Afirka ta Kudu, inda Yale ke da takardar mallakar d4T. A lokacin mutum fiye da miliyan huɗu ke ɗauke da HIV a ƙasar. Cikakken magani na haɗin uku a ƙasashen Yamma ya kai dala 10,000 ko fiye a shekara. Shi d4T kaɗai kimanin dala 1,600 ne a shekara ga mutum ɗaya a Afirka ta Kudu. Ina talakan unguwar Khayelitsha da ke gefen Cape Town zai samo wannan kuɗin? Ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki a unguwar ta san cewa kamfanonin Indiya na yin irinsa da araha sosai, amma takardar mallakar ta hana shigo da shi.

A Fabrairun 2001 MSF ta rubuta wa Yale wasiƙa, tana roƙon a ba da izinin shigo da mai arahar. Yale ta amsa cewa hannunta a ɗaure yake, ta riga ta ba kamfani lasisi.

A nan ne ɗalibai suka shigo. Wata ɗalibar shekarar farko a sashen shari'a, Amy Kapczynski, ita da abokanta suka ɗauki maganar. Sun fara ne da neman sanin abin da ke cikin yarjejeniyar, suka duba dokar jami'ar kanta kan takardun mallaka, wadda ta yi magana kan amfanin al'umma, suka ce to a cika abin da aka rubuta. Suka sa jaridar ɗalibai ta buga labarin, aka tara ɗaruruwan sa hannu daga ɗalibai da malamai da masu bincike. Sannan suka nemi Prusoff da kansa, dattijo mai shekara 80. Ya fito fili a jaridar New York Times ya goyi bayan a sauƙaƙa wa Afirka maganin. Kun ga idan wanda ya gano abu ya ce a sake shi, mai riƙe da takarda ya shiga tsaka mai wuya.

Ranar 14 ga Maris 2001, Bristol-Myers Squibb ya sanar cewa ba zai yi amfani da takardar wajen hana mai arahar shiga Afirka ta Kudu ba, kuma zai sayar da nasa a kan santi 15 a rana, wato kimanin dala 55 a shekara. Daga 1,600 zuwa 55, wata ɗaya kacal bayan wasiƙar MSF.

Ba zan ce muku ɗalibai kaɗai suka yi wannan ba. A Afirka ta Kudu, ƙungiyar TAC ƙarƙashin Zackie Achmat ta daɗe tana gwagwarmaya a titi da kotu. A Fabrairun nan dai, Yusuf Hamied na kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin haɗin uku a kan dala 350 a shekara. Kamfanonin magani 39 kuma suna ƙarar gwamnatin Afirka ta Kudu kan dokar magungunanta ta 1997, duniya ta yi musu caa, suka janye a Afrilun 2001. Abin da ɗaliban suka ƙara shi ne gano ƙofar da aka manta da ita: sunan jami'a ne a kan takardar, kuma jami'a na jin kunyar ɗalibanta fiye da yadda kamfani ke jin kunyar kowa.

Mu ma abin ya taɓo mu. Lokacin da Najeriya ta fara shirinta na raba maganin ƙanjamau a 2002, haɗin da aka sayo daga Indiya har da d4T a ciki. Daga baya an gane yana da illa, yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, yana kuma zuƙe kitsen fuska, shi ya sa a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina amfani da shi sannu a hankali. Amma a shekarun da babu wani mai araha, shi ya riƙe rayuka masu yawa har waɗanda suka fi shi suka sauko.

Darasin da na ɗauka shi ne, ranar da ake sa hannu a kan lasisi ake yanke wa talaka hukunci. Da a 1988 Yale ta sa sharaɗin cewa ƙasashe matalauta za su iya yin nasu, da ba a kai ga roƙo a 2001 ba. Wannan fahimtar ce ta haifi ƙungiyar ɗalibai ta UAEM, mai matsa wa jami'o'i su riƙa sa irin wannan sharaɗi tun farko. Ita kuwa Kapczynski yau farfesar shari'a ce a Yale ɗin.

Jami'o'inmu ma suna bincike kan tsirrai da sinadarai da kuɗin TETFund, wato kuɗin jama'a, kuma ana ta ƙarfafa musu gwiwa su yi rajistar abin da suka gano. Hakan daidai ne, ni ma ina so malamanmu su ci moriyar wahalarsu. Amma kai ɗalibi, ke ɗaliba, ku tambaya: jami'arku na da rubutacciyar doka kan mallakar bincike? Me ta ce game da farashi? Wa ke sa hannu, kuma wa ke da ikon ganin takardar? Tun ran gini ake yin zane.

Nan zan dasa aya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.